Zanen da ya yi kyau a laftof amma ya gagari mai ƙira: yadda ake fara aiki da manhajar DFM

Akwai wani zane da na taɓa yi, gidan boris ne na injin sussukar masara, kwana biyu na yi a kansa ina juya shi a laftof ina jin daɗi, har kala na saka masa. Na buga a takarda na hau adaidaita sai wani shagon sassaƙa ƙarfe a ɓangaren Dakata. Dattijon da ke da shagon ya karɓa, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, can sai ya ɗora farcensa a wani lungu cikin zanen ya ce, "Injiniya, wannan kusurwar da me kake so in cire maka ita, da haƙori?" Yaran shago suka fashe da dariya. Ni kuma wallahi a lokacin ban ma gane me yake nufi ba, na ce Baba ai kusurwa ce kawai. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko bakin injin milin ya ajiye min a tafin hannu. Abu ne zagayayye, juyawa yake yana cin ƙarfe, to ta yaya abu zagayayye zai bar maka lungu mai kaifi a cikin rami? Kamar ka ce ludayi ya kwashe kunun da ya maƙale a lungun kwano mai kusurwa huɗu ne. Dole ya bar ɗan zagaye daidai girman bakinsa.

A laftof kuwa kusurwar nan ba ta ba ni wahalar komai ba, layi biyu na ja suka haɗu shikenan. Kuma nan ne asalin matsalar take. Manhajar zane, wato CAD, irin su AutoCAD da ya fito a 1982 da SolidWorks da ya fito a 1995, ba ta san kalmar a'a ba. Ka zana rami mai faɗin milimita 2 da zurfin milimita 200 za ta karɓa, ka zana noti a cikin akwati rufaffe wanda ko aljani ba zai iya sa masa sifana ba za ta karɓa, har ta haska maka shi yana walƙiya. Maƙeran da muka gada ba su san wannan ciwon kan ba, tun zamanin da ake narka tama a gindin Dala har zuwa masu ƙera garma da lauje a Tamburawa yau, domin kan da ya tsara abin shi ne mai hannun da zai buga shi, ba zai taɓa tsara abin da gudumarsa ba za ta kai ba. Da aka raba aikin gida biyu, wani yana zane a ɗaki mai fanka wani yana gaban inji, sai aka samu gibi a tsakani. Manhajar DFM ƙoƙari ce na cike wannan gibin. Haruffan taƙaicen Turanci ne, ma'anarsu dai ka yi zane kana tunanin yadda za a ƙera shi.

Abin da take yi ba tsafi ba ne. Tana karanta siffar abin da ka zana, ta gane wannan rami ne, wannan bango ne, wannan lanƙwasa ce, sai ta auna kowanne ta gwada da wasu dokoki da aka zuba mata, wanda ya saɓa ta sa masa ja ta ce maka duba nan. Shikenan fa. Dokokin kuma ba daga sama suka faɗo ba, irin maganar dattijon nan ce aka tattara daga bakin dubban masu aikin inji aka mayar lissafi. Waɗanda suka fi shahara wajen mayar da abin ilimi mai tsari su ne Geoffrey Boothroyd da Peter Dewhurst, malaman jami'a a Amurka, suka kafa kamfaninsu a 1983, kuma a 1991 aka ba su lambar yabo ta ƙasa kan fasaha saboda wannan aikin. Zan dawo kansu a gaba don akwai wasu tambayoyi uku nasu da suka fi manhajar kanta amfani a wajenmu.

To da wacce za ka fara? In SolidWorks kake amfani da shi, kana da ita ma tuntuni ba ka sani ba, sunanta DFMXpress, tana cikin Tools ƙarƙashin Xpress Products. Ka buɗe abin da ka zana, ka zaɓi yadda za a ƙera shi, ko milin da huji, ko injin juyi, ko fallen ƙarfe da ake lanƙwasawa, ko roba da ake zubawa a mol, wato mazubin ƙarfe da ke ba ta siffa, ka danna ta gudu, ta jero maka waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Tana da babbar yaya mai suna DFMPro ta kamfanin HCL, wannan ta kuɗi ce kuma manyan masana'antu ke saya, mai farawa ba ya buƙatarta. Fusion na Autodesk, wanda a da ake kira Fusion 360, yana da nasa kayan duba, akwai na duba karkatar bango, akwai na duba ko bakin inji zai iya kaiwa wani wuri, akwai na nuna lungun da ya yi ƙanƙanta, kuma ɗalibai suna samun lasisi kyauta, sai dai yana son intanet, kun san yadda data take. FreeCAD kyauta ne gaba ɗaya, ba ruwansa da intanet, siga ta 1.0 ta fito a Nuwamba 2024 kuma ta gyaru sosai, amma bai zo da maɓalli ɗaya da za ka danna ya duba maka komai ba, sai ka riƙe dokokin a kanka kana aunawa da kanka. Ni a ganina wannan ma ba asara ba ce ga mai koyo.

Sai kuma wata hanya da mutane ba su cika lura da ita ba. Kamfanonin ƙira na waje irin su Protolabs da Xometry, ko PCBWay da JLCPCB na Sin, kana ɗora fayil a shafinsu su ba ka farashi, wasunsu har su nuna maka wuraren da za su ba su matsala, ko da ba ka sayi komai ba. Na sha amfani da wannan a matsayin makaranta: in ɗora, in ga farashi, in ƙara girman zagayen lungu ko in rage zurfin rami, in sake ɗorawa in ga dala nawa ta sauka. Farashin ba namu ba ne, amma inda ya hau da inda ya sauka yana koyar da kai. Abu biyu dai, kada ka ɗora zanen da wani ya ba ka amana ba tare da ya sani ba, sannan ka ɗora fayil na STEP ba STL ba. STL tarin ƙananan kusurwa uku-uku ne aka lulluɓe siffar da su, a cikinsa rami ba rami ba ne, wasu 'yan faci ne da suka zagaya, shi kuwa STEP yana riƙe da ainihin siffar. STL na injin buga 3D ne, a bar shi can.

Amma duk wannan ba shi ne farawa ba. Farawa ita ce ka rufe laftof ɗin, ka ɗau ƙaramin littafi da biro da baniya, wato abin auna kauri da faɗi, ka tafi shagon da zai yi maka aikin. Dalili kuwa, dokokin da manhajar ta zo da su an tsara su ne da shagon Jamus ko Amurka a rai, inda mutum zai buɗe durowa ya ga mahuji kowane lamba a jere, ƙarfe kuma ya zo da takardar shaidar irinsa. Mu nan fa? Ka tambayi Oga mahuji nawa gare shi kuma wane lamba, bakin milin mafi ƙanƙanta da yake yarda ya yi aiki da shi ba wanda yake ɓoyo a aljihu ba, tsawon abin da injin juyinsa zai iya kamawa, kaurin fallen da injin lanƙwasarsa ke iya ɗauka, da wane irin tiredi, wato zaren da noti ke hawa, yake da abin yankansa. Duk ka rubuta. In ka dawo ka shiga saitin manhajar ka goge nasu ka zuba naka, DFMXpress tana barin ka gyara jerin lambobin mahuji da iyakokin awon. Daga ranar ne ta fara yi maka aiki. Kafin nan tana duba maka zane ne don wani shago da ba za ka taɓa taka ƙafa cikinsa ba.

Misali ƙarami. Ka zana rami na milimita 7.3 don haka lissafinka ya bayar, manhaja ta sa ja ta ce ba lambar da aka saba ba ce. Ka mayar 7.5 ta yi shiru, amma Oga 7 da 8 kawai gare shi, kuma ba zai kira ka ba, zai huda da 8 ya miƙo maka. Haka tiredi, na noti mai lamba M8 ana fara huda 6.8 ne, M10 kuma 8.5, M6 kuma 5, in babu 6.8 a shagon za a sa 7 tiredin ya ɗan yi sako-sako, wani wuri ba komai wani wuri kuma shi ne zai cinye bayan wata biyu. Gara kai ka yanke hukuncin tun a zane da a yanke maka a bayan idonka. Sannan ka bi ta Ƙofar Ruwa da baniyarka ka auna ƙarfen da ake sayarwa da gaske, don ni da hannuna na auna fallen da aka ce min milimita 2 ne na ga bai cika ba. Abin da baniya ta faɗa shi za ka sa a zane, ba abin da aka kira ba. Fallen kuma galibi ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato 1220 da 2440, in ka zana gefen akwati mai faɗin 620 to biyu ba za su fita a faɗin falle ɗaya ba, ka rage zuwa 600 sai su fita har da ragowar wurin yanka. Milimita 20 kacal amma kuɗin falle guda ne.

Yanzu batun ja ɗin nan. Mai farawa in ya danna ya ga ja goma sha biyar sai gabansa ya faɗi, ko kuma ya zauna yana gyara duka har sai komai ya koma kore, duk biyun kuskure ne. Ja ba ya nufin haramun, yana nufin wannan wurin da tsada, ka tabbata kana buƙatarsa? Rami mai zurfi, in ya wuce kamar ninki huɗu na faɗinsa, mahuji yana fara karkacewa, garin ƙarfe ba ya fita, sai an riƙa shiga ana fita, in ƙarami ne ya karye a ciki aiki ya lalace. Zai yiwu amma da lokaci. Rami mai shafaffen gindi ma tana sa masa ja, domin bakin mahuji tsini ne da shi, digiri 118 aka fi sani, kenan kullum yana barin gindi mai tsini, in ka dage sai shafaffe to sai an canza baki an sake shiga. Sau tara cikin goma ba ka ma buƙata, kawai haka manhajar zane ta fitar ba ka lura ba. Wanda ya fi ba ni mamaki da na fahimce shi shi ne na tsawon baki: in ka ninka tsawon da bakin milin ya fito waje sau biyu, lanƙwasawar da yake yi ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau takwas ne. Shi ya sa rami mai zurfi da ɗan mitsitsin lungu yake sa inji ya riƙa kuka yana karkarwa, fuskar aikin ta fito kamar an tauna.

Inda muka fi cutar kanmu, musamman mu da muka fito daga aji, shi ne sassaucin awo, wato ɗan abin da ka yarda awo ya ƙaru ko ya ragu da shi. A zanen nan nawa na farko kowane awo na rubuta masa ƙari ko ragi 0.01, don in nuna ni injiniya ne. Gashin kan mutum fa kaurinsa ya ninka haka sau da yawa. A duk gidan boris ɗin wuri ɗaya ne tak ke buƙatar tsanani, ramin da boris zai zauna. Boris 6204 da ke ko'ina a kasuwa cikinsa 20 ne, bayansa 47, kaurinsa 14, ramin da zai zauna in aka bi ma'aunin H7 daga 47 daidai ne zuwa 47.025, nan kam ba wasa, in ya yi faɗi boris ya riƙa juyi a gidansa yana cinye shi, in ya matse a buga shi da guduma a kashe shi tun kafin ya fara aiki. Sauran wuraren kuwa ka rubuta ISO 2768 matsakaici, wato ma'aunin sassaucin awo na duniya, a ƙasan takarda ka huta, wanda a awo tsakanin 30 da 120 ya yarda da ƙari ko ragi 0.3, kowane shago mai hankali zai iya. In ka tsananta ko'ina abu biyu ne zai faru, ko Oga ya yi maka kuɗin da za ka gudu, ko ya yi watsi da lambobin gaba ɗaya har da wanda ke da muhimmanci, na biyun ne ya fi yawa kuma ya fi muni.

Wani zai ce ai masu ƙirarmu ba sa bin takarda, shaf ake kawowa a sassaƙa fuli daidai da shi, a goga da magagari har ya shiga. Gaskiya ne, kuma in inji ɗaya za ka yi wannan hanyar ba ta da laifi. Amma ka yi guda hamsin ka sayar, na wani manomi a Kura ya karye ana tsakiyar kaka, ka aika masa sabon fuli a mota ya ƙi shiga don kowane inji da nasa awon, sai ya ɗauko injin gaba ɗaya ya kawo birni. Nan ne takarda take rama wa kanta.

Ɓangaren roba shi ne inda manhajar ta fi biyan kuɗinta, kuma Kano garin roba ne, Sharaɗa da Bompai da Challawa ga masana'antu nan suna fitar da bokiti da kujera da buta. Kuskure a ƙarfe guda ɗaya asarar yini ce, kuskure a mol asarar jari ce, don ƙarfen da aka riga aka cire ba ya komawa cikin sauƙi. Ka taɓa lura duk bokiti bakinsa ya fi gindinsa faɗi? Mutane suna ɗauka don a jera su cikin juna ne a kasuwa, eh yana taimakawa, amma tushen abin shi ne in bangon ya miƙe sak ba zai zare daga mol ba, roba tana tsukewa in ta huce ta rungume ƙarfen. Masu zubin tukunyar dalma da masu buga bulo sun san wannan tun kafin a yi kwamfuta. Digiri 1 zuwa 2 na karkata aka saba bayarwa, in fuskar mai ƙurji-ƙurji ce a ƙara. A manhaja kana nuna mata ta inda mol zai buɗe, sai ta shafa wa abin kala, kore ya zare, ja ya maƙale, rawaya ba shi da karkata isasshiya. Minti ɗaya ka ga abin da da sai an kashe miliyoyi za a gani.

Sai kauri. Tunanin mai farawa shi ne in ƙara kauri abu ya yi ƙarfi, a roba kuwa wurin da ya fi kauri shi ke hucewa a ƙarshe, ya ja fatar waje ciki, ka ga 'yar lotsawa a fuska, ko abin ya murɗe bayan ya fito. Ga kuma lokacin hucewa, in ka ninka kauri sau biyu lokacin yana ninkuwa kusan sau huɗu, inji yana tsaye yana jira janareta yana shan dizal, a kan kowane guda ɗaya cikin dubu ɗari. Maganin shi ne bango ya zama kauri ɗaya ko'ina, inda ake son ƙarfi a sa haƙarƙari. Juya kujerar roba ka duba ƙarƙashinta za ka gan su a jere. Su ma kada kaurinsu ya wuce kamar rabi zuwa kashi 60 cikin ɗari na bangon, in ba haka ba lotsawar ta bayyana ta baya. Duk wani ɗan ƙugiya ko rami a gefe da zai hana mol buɗewa kai tsaye kuma yana nufin sai an ƙara wa mol ɗin wani ɓangare mai zamewa, kuɗi ya hau.

Fallen ƙarfe nasa da sauƙi: zagayen lanƙwasa kada ya gaza kaurin fallen, rami kada ya matso kusa da lanƙwasa don zai ja ya zama kamar ƙwai, sannan lambar da manhaja ke amfani da ita wajen lissafa tsawon falle kafin a lanƙwasa, wadda ake kira K, kada ka yarda da wadda ta zo da ita, yanki ɗan guntu ka kai a lanƙwasa a injin da za a yi aikin ka auna. Masu injin buga 3D kuma dokar digiri 45 ce, abin da ya rataya fiye da haka sai an yi masa tokara, manhajojin shirya bugu irin su Cura da PrusaSlicer suna nunawa.

Akwai abubuwan da ba ta gani kwata-kwata, kuma su ne rabin aikinmu a nan. Yawancin injinan da ake ƙerawa a garin nan walda ce, ƙarfen kwana da faifai da falle, DFMXpress ɗin nan ba ta san cewa zafin walda zai ja firam ya karkace ba, ba ta san hannun mai walda ba zai shiga wancan lungun ba, ba ta san wuta za ta ɗauke ana tsakiyar yanka ba, ba ta san boris ɗin da ka zaɓa sai an yi oda daga Legas ba. Ɓangare ɗaya-ɗaya take dubawa, ba ta tambayarka ko ɓangaren ma yana da dalilin zama. Nan tambayoyin su Boothroyd suke shigowa, kuma ba sa buƙatar lasisi. Ka ɗau kowane ɓangare ka tambaya: yana motsi ne dabam da na kusa da shi? Dole ne a yi shi da wani abu dabam? Dole ne ya zama a ware don a iya haɗawa ko kwancewa? In duk amsar a'a ce, to me ya hana a haɗe shi da maƙwabcinsa? Na gwada a kan murfin bel na wani injin niƙa da na yi da falle huɗu da noti takwas, ya koma falle ɗaya mai lanƙwasa uku da noti biyu.

In yau za ka fara, kada ka fara da sabon zane. Nemo wani tsohon abu da ka riga ka kai aka ƙera, wanda ka san inda aka yi maka ƙorafi da inda aka canza ba a gaya maka ba, ka sa shi a manhajar ka ga ko za ta kama wuraren. Inda ta kama ka san dokar tana aiki, inda ta yi shiru ka rubuta a littafinka a matsayin taka dokar, inda ta yi ihu a banza ka sassauta saitin. Ni da gidan boris ɗin nan na gwada. Ta kama lungun da Baba ya sa wa farce, ta kama 0.01 ɗin da na watsa ko'ina, ta kama wani rami mai shafaffen gindi da ni ban ma san yana nan ba. Na gyara, na sa zagayen milimita 6 a lungunan don bakin 10 gare shi kuma yana son ɗan sarari ya juya, na buga na mayar masa. Ya sa tabarau ya duba, ya juya takardar, ya ce ramukan noti biyu sun matso jikin bango, kan sifana ba zai zauna ba, in matsar da su milimita 5 waje. Na koma na duba a laftof, wurin kore ne shar.